Ranar da Kwaɗo Ya Yi Shiru

A Anaca aka fara cutarmu, ni da Kawu Ari, yayan mahaifiyata. Shekarar da aka karya darajar sefa ke nan. Mun baro Gure, mun bi ta Nguru da Kano, mun sauka a wannan tasha mai hayaniya da buhun dabino da ɗaurin cuku, da nufin mu sayar mu samu abin kama sana'a. Sai ga wani mutum da farar riga tas, Hausa a bakinsa kamar ɗan Damagaram. Ya gaishe mu, ya tambayi damina, har ya ce ya taɓa kwana a Kelle. Kai, na ji kamar in rungume shi! Ya nuna mana masallaci, ya ce mu je mu yi salla zai duba mana kaya. Da muka idar, babu shi babu buhu.

Na yi zagi ranar har muryata ta dushe. Ni dama mutum ne mai saurin hawa, har yau kuma ban daina ba. Kawu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To Haruna, ka gama? Buta tana nan?" Butar shayinsa tana nan a rataye a kafaɗarsa. Ya shafa aljihunsa na gefe ya ce, "Wannan ma yana nan. Mu tafi."

Abin da ke cikin aljihun wani ɗan ƙunshi ne na baƙin ƙyalle, cike da rairayin Gure, wanda ya ɗiba a tudun bayan gidanmu. Wai an gaya masa a kudu babu busasshiyar ƙasa, shi kuwa ba ya tafiya babu abin taimama. Tun a mota nake tsokanarsa. Na ce, "Kawu, ƙasar da ruwa ya yi wa mutane yawa za mu, kai kuma ka ɗauko abin taimama?" Ya ce in bar shi da kayansa, ba a kaina ya ɗora ba.

A Fatakwal muka yi ƴan watanni. Ni ina tura baro a kasuwar ƴan shanu, shi yana dafa shayi a bakin masallaci. Ruwan sama ba ya ɗaukewa. Riga ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa, takalmi yana yin fumfuna. Faransancin da na koya a makarantar lakwal bai tsinana mini komai ba, sai ɗan Turancin kasuwa da na tsinta a baki. Wata rana wani Babarbare ya ce mana akwai kamfanin da ke auna ƙasa can cikin ruwa, suna son mutanen Nijar domin gadi, wai mu ba ma sata. Na ce da dai mu aka fi yi wa satar. Muka bi shi.

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai ranar. A Gure ruwa abu ne da ake jawowa da guga daga can ƙasa, a yi tattalinsa, a hana yaro zubarwa. Nan kuwa ga shi ko'ina, baƙi-baƙi, yana wari, itatuwa sun tsaya a cikinsa da saiwoyinsu a waje. Kawu ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, bakinsa yana motsi. Ya sunkuyo ya ce mini, "Wannan fa komin shanu ne aka sa wa inji." Na yi dariya, amma ni ma na riƙe gefen gam, domin cikinmu babu wanda ya iya iyo.

Sansanin kamfanin yana bakin wani rafi, dab da wani ƙauyen masunta da aka gina gidajensa a kan sanduna. Can na fara ganin abin da Turawa ke kira hobakiraf. Jirgi ne mai faɗi, an kewaye gindinsa da baƙar roba kamar siket, ga wata ƙatuwar fanka a bayansa cikin keji. In aka tayar da shi sai robar ta kumbura, ya ɗaga sama kaɗan a kan iska, ya zame ya tafi. Ruwa yake bi, laka yake bi, ya hau tudu ya sauko abinsa. Kawu ya dube shi ya ce, "Kwaɗo ke nan." Sunan ya bi shi, har ma'aikatan da ba su jin Hausa suka kama.

Ni aka ba aikin wanke shi da loda jarkokin mai da gadinsa. Kawu ya kafa murhunsa a bakin gadar katako inda jirage ke tsayawa. Mai tuƙa Kwaɗo kuwa Kyaftin Ebi ne, mutumin yankin, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya tashi a barikin soja a Zariya, saboda haka yana jin Hausa irin ta bariki. Shayin Kawu ya kama shi tun kofin farko. Kullum in ya dawo aiki sai ya zauna a kan jarka ya ce, "Baba, a ba ni na farko, mai ɗaci." Kawu ya ce masa Kyaftin, shi ya ce masa Baba.

Akwai kuma Mama Boma, wata dattijuwa mai ƙyafe kifi a ƙauyen. Ba ta jin Hausa, mu ba ma jin yarensu. Ranar da ta ga muna cin gari da ruwa tsura, ta tsaya ta dube mu, ta yi tsaki, ta tafi. Can sai ga ta da ƙyafaffen kifi a ganye. Kawu bai taɓa cin irin wannan kifi ba, ya juya shi ya sake juyawa. Ta daka masa tsawa da yarensu, ta nuna bakinta. Ya ci. Daga ranar kullum sai ta aje mana wani abu, shi kuma ya zuba mata shayi na uku, mai zaƙi. Aboki take ce masa. In sun zauna, ita tana yarenta shi yana Hausa da Barbarci, kuma wallahi sai ka rantse fahimtar juna suke.

Rigimar da na tarar a wurin ta Kwaɗo ce. A bakin rafin, kafin a kai gidajen, hukumar ruwa ta kafa allo: duk jirgin da ya iso nan ya rage gudu, kada ya tayar da igiyar ruwa. Dalili a fili yake. Kwalekwalen matan ƙauyen ƙanana ne, in an loda musu itace ko kifi bakinsu dab da ruwa yake, igiya ɗaya ta isa ta kifar da su. Duk masu jiragen inji suna bin wannan doka, ko da gunaguni. Kyaftin Ebi ne kaɗai ba ya bi. Zai shigo da gudunsa, fanka tana ruri kamar za ta tsaga kunne, iska tana kwashe kifin da aka shanya, feshin ruwa yana jiƙa mata da wutar ƙyafarsu. Mama Boma takan fito ta ɗaga filafilinta tana zaginsa har ya ɓace.

Wata yamma Kawu ya miƙa masa shayi ya ce, "Kyaftin, allon nan ban da kai aka rubuta?"

Ebi ya ce, "Baba, allon na jiragen ruwa ne. Nawa ba ya taɓa ruwa, a kan iska yake tafiya. In ina gudu, igiyar da nake tayarwa ba ta kai ta agwagwa ba. Amma in na rage, sai ya nutsa cikin ramin da iskarsa ta tona, ya riƙa tura ruwa a gabansa kamar tudu. Wannan ce igiyar da za ta kifar da su. Ni taimakonsu nake yi, ba su sani ba."

"To iskar fa? Da kifin baiwar Allah da kake watsarwa?"

"Iska ba ta cikin allo," in ji Ebi, yana dariya.

Kawu ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya mayar, ya sake tsiyayawa. Sannan ya ce, "Mu a garinmu, mahayi in ya doso rijiya, ko a kan doki yake ko raƙumi, ba rage gudu yake yi ba. Tun daga nesa yake sauka, ya kama akala ya ja. Don kada ya tura rairayi cikin rijiya, kada ya firgita jakunan mata, kada ya zuba wa mutane ƙura a ruwan sha. Babu allo, babu jandarma. Wanda ya iso rijiya a kan dabba, ko ɗan wane ne, sai an tambayi wa ya haife shi."

Ebi ya ce, "Baba, in na sauka in ja Kwaɗo da igiya, oga zai ja ni zuwa bakin ƙofa." Suka yi dariya su duka. Maganar ta tsaya a nan, amma kusan kowane mako sai sun sake ta, kamar masu dara.

Da mutanen ƙauyen suka gaji, suka kai ƙara. Wani ma'aikacin hukumar ruwa ya zo da farar hula, ya zagaya Kwaɗo, ya leƙa ƙarƙashin robar. Ebi ya yi masa bayanin iska da rami da tudu. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai san wannan ba. Abin da ya sani, duk abin da ke ɗaukar mutane a bisa ruwa jirgi ne a wurinsu, ko yana taɓa ruwan ko ba ya taɓawa, kuma dokar gudu ta hau kansa kamar kowa. In kuma ya yi ɓarna, shi ke da alhaki. Ya sha shayin Kawu ya tafi.

Washegari Ebi ya bi doka, da fushi. Ya iso allo ya rage gudu daidai yadda aka ce. Wai! Sai ga wani tudun ruwa ya taso yana bin bayansa, ya daki sandunan gidaje, ya cika kwalekwale biyu da ke ɗaure, ya tafi da tukunyar Mama Boma. Ashe gaskiya ya faɗa. Matan suka fito suna ihu fiye da na kullum. Bayan ƴan kwanaki ya koma gudunsa, su kuma suka koma zaginsu. Ni dai a raina na ce kowa a wurin nan yana da gaskiya, kuma kowa yana cutuwa.

Haka muka ci shekara da wani abu. Kewar gida ta fi damuna da la'asar. A Gure lokacin ne rana ke yin laushi, tuddan rairayi su yi ja, shanu su dawo, ka ji ana daka daga kowane gida. Nan kuwa sai sauro da kukan kwaɗi na gaskiya. Kawu yakan zauna ya lissafa mini kwaruruwan da ya sani tsakanin Gure da Bune, wanne ke da dabino mai zaƙi, wanne ke da kanwa, wace rijiya ce ruwanta ke da gardi. Wani lokaci sai ya kwance ƙunshin nan, ya zuba rairayin a tafin hannu, ya mayar a hankali kada ƙwaya ta faɗi. Na daina tsokanarsa a kai.

Zazzaɓi ya kama shi a damina ta biyu. Da farko ya ce ba komai, ya sha saiwa, ya sha ƙwayoyin da mai maganin sansani ya ba shi. Ya tashi, ya sake kwantawa. Jikinsa ya kai in ruwa ya taɓa shi sai ya kama karkarwa. Ran nan na shigo na same shi ya shimfiɗa baƙin ƙyallen a gabansa, yana buga tafukansa a kan rairayin zai yi salla a zaune. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan banza, yanzu ka ga amfaninsa?" Na yi dariya, hawaye yana zubo mini.

Na ce mu koma gida. Ya ce ba zai kai ba, shi ya san jikinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Haruna, abu ɗaya nake roƙonka. Na ga yadda ƙasar nan take, ka tona taƙi ɗaya ruwa ya ɓullo. In ta Allah ta kasance, kada ka bari ruwa ya ci ni. Ka nema mini tudu, ka sa ni cikin ƙasa kamar yadda aka sa iyayena. Uwarka za ta tambaye ka."

Na ce, "Kawu, ka daina irin wannan magana."

Ya ce, "Ka ce ka ji."

Na ce na ji.

Da hantsi ya cika, ranar wata Talata. Kwaɗo ya fita tun da sassafe ya kai masu awo wani wuri mai nisa, Ebi bai san abin da ake ciki ba. Na ruga wurin Malam Sani, wani Basakkwace mai sayen busasshen kifi a ƙauyen, shi ke ja mana salla in mun haɗu. Shi ya yi masa wanka, muka haɗa likkafani da farin yadin da ya ajiye domin kansa, Allah ya saka masa. Ya ce mini akwai tudu a ƙetaren babban ruwa, inda Hausawa fatake ke binne nasu tun da daɗewa. Jan ƙasa ce, busasshiya. Sai dai babu jirgin inji ko ɗaya a sansani ranar.

Mama Boma ce ta kawo kwalekwalenta, babban, wanda take ɗauko itace da shi. Ta zo da ƙanwarta domin tuƙi. Idonta ya yi ja. Ta yanko ɗanyen ganyen kwakwa ta ɗaura a goshin jirgin. Malam Sani ya ce mini al'adarsu ce, alamar an ɗauko gawa, duk wanda ya gani ya ba da hanya. Sai ta nuna ruwa, ta nuna rana, tana ta magana. Malam ya ce wai ruwa ya fara janyewa, mu jira ya dawo, ko da zuwa gobe da safe.

Gobe? Mu da in mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta? Na ce ina, Kawu ba zai kwana a waje ba. Ni a sanina ruwa yana nan inda yake, ban taɓa ɗauka cewa yana da lokacin fita da na komowa da zai hana a binne mutum ba, ko da yake kullum ina ganin yana yi. Malam ma ya ce a gaggauta ya fi. Mama Boma ta dube mu, ta girgiza kai, ta shiga jirgi.

Muka shimfiɗa shi a tsakiya a kan tabarma. Ni ina wajen kansa, Malam yana wajen ƙafa, matan biyu gaba da baya. Jirgin ya nutsa har in na sa hannu a bakinsa yatsuna suna taɓa ruwa. Ko tari mutum ya yi sai ya yi tangaɗi. Na dafa kafaɗar Kawu ta cikin likkafani ina karanta duk abin da na iya. Muka wuce gidaje, muka wuce allon nan, muka fita fili inda ruwa ya buɗe.

A nan na ji shi. Da farko kamar ƙudan zuma can nesa, sannan ya fara girma. Babu wanda ya kai ni sanin wannan ƙara, ni nake wanke fankar da ke yin ta. Kwaɗo ne yake dawowa, kuma hanyarsa ta kanmu za ta bi.

In ya wuce da gudu, iskarsa za ta kifar da mu. In ya gan mu ya rage, wannan tudun ruwa da ya tafi da tukunya zai zo ya same mu. Ko ta ina, Kawu ruwa zai faɗa, a cikin likkafani, a wurin da ba a ganin ƙasa. Ban ma tuna cewa ni ma ban iya iyo ba. Na rungume gawar na kwanta a kanta. Mama Boma ta miƙe tsaye a cikin wannan ɗan jirgi, ban san yadda ta yi ba, ta fizge ganyen kwakwar ta ɗaga sama tana kaɗawa. Ga shi can ya ɓullo daga kwana, fari fat da feshi, yana tahowa.

Sai ƙarar ta yanke.

Ba raguwa ta yi ba, ɗaukewa ta yi gaba ɗaya. Na ɗago kai. Can nesa, nesa sosai, Kwaɗo ya saki iskarsa, robar ta lafe, ya zauna a kan ruwa daɓas. Igiyar da ya tayar ta bazu ta mutu tun kafin ta iso mu, abin da ya zo ɗan lilo ne kawai. Fankar ta yi ta juyawa a hankali har ta tsaya. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har ɗigar ruwa daga filafili ina ji.

Matan suka ci gaba da tuƙi. Da muka matso na ga Ebi a tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ma'aikatan da ya ɗauko su ma sun miƙe. Bai san ko wane ne ba, ganyen kawai ya gani. Sai idonsa ya faɗa kaina. Ya dubi farin ƙyallen, ya sake dubana.

"Haruna? Wa ke nan?"

Na ce, "Kawu ne."

Ya zauna a gefen jirginsa. Ya ce, "Baba? Jiya fa na ce zan kawo masa lemo." Mu kuma muka wuce.

Ba mu yi nisa ba maganar Mama Boma ta tabbata. Ga tudun can muna gani, da jan ƙasarsa da itatuwansa, amma tsakaninmu da shi ruwa ya janye ya bar laka, shimfiɗa guda, baƙa, tana ƙyalli. Kwalekwale ya dafe. Na zura ƙafa in gwada, ta shige har cinya ban taɓa ƙasa ba, da ƙyar Malam ya jawo ni. Ba gaba, ba baya, rana tana dukan gawa. Na zauna na rasa abin yi, sai na fashe da kuka kamar yaro. Mama Boma ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ko da yarenta. Ta dafa kaina kawai.

Can sai muka ji motsi a bayanmu. Kwaɗo ne, amma ba da inji ba. Ebi da ma'aikatansa ne suke tura shi da gora da guntayen katako, yana tafe a kan ruwa a hankali kamar tsohuwar saniya, duk sun jiƙe da gumi. Da ya iso ya ce, "Ku miƙo shi."

Na yi jinkiri. Ya ce, "Haruna, laka ba ta hana Kwaɗo. Miƙo Baba."

Muka ɗaga shi da tabarmarsa muka shimfiɗa a tsakiyar jirgin, inda ake aje kayan awo. Muka kafa gora muka ɗaure kwalekwalen, kowa ya hau. Mama Boma ce ta ƙarshe. Wannan matar da ta shekara tana zagin jirgin nan ta tako cikinsa, ta je ta ɗaura ganyen kwakwarta a goshinsa da hannunta. Suka tura shi nesa da kwalekwalen, sannan Ebi ya tayar da inji. Ya bi kan lakar nan sannu-sannu, ban taɓa ganin ya yi tuƙi mai taushi haka ba, har ya hau busasshiyar ƙasa ya sauke.

Ma'aikatan nan, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, su suka karɓi shebur suka yi haƙa, Malam yana nuna musu gabas. Ina tsaye a bakin ramin ina duban gindinsa, ina jiran in ga ruwa ya tsattsafo. Bai tsattsafo ba. Ƙasa ce ja, busasshiya, har tana ƙura. Muka yi masa salla ni da Malam da wasu Hausawa biyu da ke zaune a tudun, sauran suna tsaye daga gefe. Da muka sa shi, kafin a rufe, na ciro baƙin ƙunshin daga aljihuna na kwance, na zazzage rairayin duka a kansa, na kakkaɓe ƙyallen.

A hanyar komowa Ebi ne ya fara hango allo. Ya kashe inji tun daga nesa, ya ɗauki gora. Ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Baba ya ce sauka ake yi." Haka muka shiga ƙauyen da turi, mata suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Ya yi ƴan makonni yana kashewa a bakin allo, oga ya yi faɗan ɓata lokaci, suka yi ta ja, a ƙarshe aka mayar da matsayar Kwaɗo can bakin babban ruwa inda babu gidaje. Ni kuwa ban ƙara jin daɗin wurin ba. Na bar wa Ebi butar shayin, ko da yake bai iya dafawa ba, na sha gaya masa. Mama Boma ta cika mini jaka da kifi, ta raka ni har jirgi tana faɗa da yarenta, ina jin cewa take in riƙa cin abinci. Ban sake ganin ko ɗayansu ba. Har yau in na doso rijiya a kan babur, tun daga nesa nake kashewa in tura, yara suna mini dariya wai mai ya ƙare.

Na iso Gure da la'asar, a bayan babbar motar kamiyo, tuddai sun yi ja kamar yadda na bar su. Labari ya riga ni zuwa, an yi zaman makoki an tashi. Na sami Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ta dube ni, ta dubi bayana kamar mai jiran wani ya shigo, sannan ta aje rariyar. Ba ta tambaye ni me na samo ba, ba ta tambayi ciwon da ya yi ba.

Ta ce, "Haruna, an ce ƙasar duk ruwa ce. A ina kuka sa shi?"

Na ciro baƙin ƙyallen, babu komai a cikinsa, na sa mata a hannu. Ta gane shi, domin daga tsohon zanenta aka yage shi.

Na ce, "A ƙasa, Inna. Kuma ta bayan gidan nan ce a kan fuskarsa."